Ranar da Motar Badamasi ta Ja Ciki

Badamasi yana tsaye a tsakiyar gonarsa ta shinkafa, ruwa har ƙwauri, da damin iri a hannu, sai wayarsa ta yi ƙara a aljihun gaba. Damina ta zauna sosai, duk mutanen Kwarin Ɗinya sun duƙufa dashe, tun daga bakin kanal ɗin ban ruwa har inda ido ya tsaya ba ka ganin komai sai bayan mutane a sunkuye. Ya goge hannu a wando ya ɗauka.

"Malam Badamasi ne? Sista Bernice ce, daga asibiti a nan Kura."

Da safe matarsa Surayya ta hau adaidaita sahu ta tafi awo, kuma a lissafinsu da sauran mako uku.

"Ni ne, Sista. Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Idan a tsaye kake, nemi wuri ka zauna."

"A cikin ruwa nake, Sista. Ba wurin zama."

Ta yi dariya. "To tsaya da kyau. Matarka ta sauka. Tana shigowa muka ga ba awo ba ne, haihuwa ce. Namiji da mace, kowa da ƙoshin lafiya. Ita ma ƙalau take, har ta sha shayi."

Badamasi ya zauna daɓas a cikin ruwan. Taɓo ya fantsamo masa har gemu, damin irin ya watse yana yawo a kan ruwa, shi kuwa ya ɗaga wayar sama kada ta jiƙe, yana ta dariya kamar wanda ake yi wa cakulkuli.

Shekararsu goma sha biyu da aure. Sau biyu ciki yana shiga yana zubewa. Da wannan ya tsaya, aka yi hoto aka ga biyu ne, Surayya ta riƙe masa hannu tun a ƙofar asibiti ta ce kada ya kuskura ya gaya wa kowa, ko mahaifiyarsa, sai Allah ya sauke ta lafiya. Wata biyar Badamasi yana ɗauke da wannan magana a ciki, shi da ko zakara ya saya sai unguwa ta san launinsa. Sau nawa maganar tana zuwa masa har bakin leɓe a majalisa, ya haɗiye ta da ruwan shayi.

Hambali, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da tasa, ya miƙe yana riƙe da ƙugu. "Kai Badamasi! Maciji ne?"

"Tagwaye ne!" Badamasi ya kwarma ihu. "Hambali, tagwaye! Surayya! Biyu! Ɗaya namiji, ɗaya mace, ka ji, biyu!"

Kafin Hambali ya gama kabbara, Badamasi ya haye kunya ya sheƙa a guje, yana zamewa yana tashi.

Motarsa tana ƙarƙashin darbejiya a bakin kanal. Tsohuwa ce, ruwan toka, ya saye ta bayan ya sayar da albasar rani, kuma ba don komai ya saye ta ba sai don ranar da naƙuda za ta tashi ya kai Surayya asibiti da kansa. Ga shi ta riga shi a adaidaita sahu. Tun da ya saye ta lallaɓa ta yake yi. In zai tsallake kwalbati sai ya sauko ya duba, masu keke ma wuce shi suke yi suna gaishe shi. Yau kam ya faɗa mata da taɓonsa da komai, ya murza makulli, rediyo ya tashi da kiɗa, ya ƙure shi, ya taka totur.

Hanyar bakin kanal tarakta ta gama da ita. Ta haƙa kwari biyu inda tayoyinta ke bi, ta bar tudu a tsakiya, rana ta busar da kansa ya yi tauri. Kullum Badamasi yakan bi gefe a hankali. Yau ya zura tayoyinsa cikin kwarin ya miƙe. Bai yi nisa ba cikin motar ya daki tudun, ƙwas! Motar ta yi tsalle, kansa ya bugi rufi, hularsa ta faɗo kan cinya. Ya mayar da ita yana cewa, "Yi haƙuri, yi haƙuri, yau ranar gudu ce." Daga nan wata ƙara ta fara binsa, karrrrr, kamar ana jan kwanon rufi a kan tsakuwa. Shi bai ji ba. Rediyo na yi, shi ma yana yi, yana dukan sitiyari da tafin hannu.

Mutanen farko da ya wuce masu gyaran injin ban ruwa ne. Suka miƙe tsaye suna ɗaga masa hannu, suna nuna ƙasan motar. Badamasi ya leƙo da kai ta taga.

"Na gode! Na gode! Tagwaye ne!"

Ya wuce wasu mata ɗauke da abincin 'yan dashe. Suka ja gefe, ɗaya ta toshe kunne, ɗaya tana yi masa nuni da hannu bibbiyu.

"Amin, amin! Namiji da mace!"

Wani mai babur ya biyo shi yana danna hon, ya zo daidai taga yana magana yana nuna ƙasa. Badamasi ya miƙa masa hannu suka tafa. A ransa yana mamakin bakin Hambali. Mutum yana cikin gona, amma har ya baza labari ya riga mota isa gari!

Da ya ci birki a ƙofar gida, mahaifiyarsa Inna Hajara ta riga ta fito zaure, mayafi a karkace, tana leƙe.

"Wane ne ya kawo mana injin casa ƙofar gida?" Sai ta ga ɗanta ya fito, taɓo tun daga hula har ƙafa. "Innalillahi! Badamasi, kanal ka faɗa?"

Ya durƙusa a gabanta, ya miƙe, ya sake durƙusawa. "Inna, Surayya ta sauka. Inna, biyu ne, namiji da mace. Tagwaye. Wallahi tun wata biyar na sani, ita ta hana ni faɗa, na kusa fashewa, Inna!"

Tsohuwar ta dafa bango. Ta dube shi, ta haɗe fuska. "Kai, ba ka da kunya ne? 'Ya'yan fari kake wa wannan rawar kai a gabana? Ubanka da aka haife ka, kwana uku ya yi bai bari mun haɗa ido ba."

"Na daina, Inna."

"Ka natsu."

"Na natsu."

Ta juya za ta shiga gida, ta yi taku biyu, sai kawai ta toshe hanci ta rangaɗa guɗa, irin wadda rabon da a ji ta a gidan tun bikin autarta. Kaji suka watse. Ta shige da gudu-gudu tana kiran maƙwabta ta kan katanga, tana tattara kaya: zannuwa, fulas na ruwan zafi, ƙullin dabino, garin kunu da kanwa. Ta fito da takalmi wari da wari, ba ta ma lura ba, ta shige gidan gaban motar ta rungume fulas.

Abu na farko da ta yi shi ne murɗe rediyon ya mutu. Motar ta tashi. Karrrrr.

"Tsaya! Me ke bin mu?"

A lokacin ne Badamasi ya ji ƙarar, kuma ya ji ta har cikin haƙoransa. Ya taka birki, ƙarar ta tsaya. Ya saki, ta dawo. Ya fito ya kwanta rubda ciki ya leƙa. Wani baƙin abu mai faɗin tabarmar sallah ya saki daga ƙasan inji. Bayansa na maƙale, gabansa ya faɗo ƙasa ya kwaso laka da ciyawa kamar shebur.

"Inna, cikin motar ya farke!"

"Jini take yi? Ina nufin mai. Mai na zuba?"

Ya shafa ƙasa, ya shinshina yatsunsa. Ruwan taɓo ne kawai. Ya ƙwanƙwasa abin, ya ji ba ƙarfe ba ne, roba ce mai tauri. Ya tura ta sama ta koma mazauninta daidai, ya saki ta sake faɗowa. Yana kwance a wurin ya tuna masu injin ban ruwa, da matan nan, da mai babur ɗin da suka tafa. Dariya ta kama shi har goshinsa na bugun ƙasa.

"Inna, ashe ba barka suke yi mini ba!"

"Kai dai ka sani. Fizge ta ka yar mu tafi."

"A'a, Inna. Wanda ya ƙera motar bai sa ta a banza ba. Igiya nake so."

Inna Hajara ta sauko, ta shiga zaure, ta kwance igiyar leda daga wuyan akuyarta. Akuyar ta tsaya ta dube ta, sannan ta fice a guje ta nufi lambun maƙwabta. "Je ki," in ji Inna, "ke ma yau sallarki ce."

Badamasi ya zura igiyar ta wata huda a bakin robar, ya lalubo wani bututun ƙarfe a sama ya zarga, ya ja ya ƙulle tamau. Suka tashi shiru, ba ƙara ko kaɗan. Ya dubi mahaifiyarsa yana jiran yabo.

"Kalli hanya," ta ce.

Suka hau kwaltar da ta fito daga Bunkure. Gonakin shinkafa na wucewa dama da hagu, kore shar, balbelu na bin masu huɗa. Inna ta fara lissafin wanda za a aika wa da goro, ta kai gida na tara, sai ta tsaya tana jan hanci.

"Ba ka jin ƙauri?"

Ya ji. Ƙauri ne irin na leda a wuta. Bututun da ya ɗaura wa igiyar na salansa ne, inda hayaƙi ke fita, ya yi zafi ya narkar da ita. Kafin ya ce wani abu robar ta sake faɗowa, wannan karon a kan kwalta kuma da gudu. Ƙarar ta cika duniya. Inna ta ɗora fulas a ka tana salati, tana neman marfin ƙofa.

"Wuta! Badamasi, wuta! Ban ga mijina ba zan ƙone!"

"Ba wuta ba ce, Inna, igiyar akuya ce!"

Allah ya taimake su sun kusa inda kwaltar ta haɗu da titin Zariya. A nan akwai rumfar wani bakanike, Mika'ilu, wanda duk manoman yankin ke kai wa motoci da injinan ban ruwa. Badamasi ya gangara da motar tana kururuwa har bakin rumfar.

Mika'ilu yana zaune a kan tsohuwar taya yana cin gurasa. Mutum ne mai sanyin jiki, wanda ko gobara ake yi sai ya gama taunar lomar da ke bakinsa. Ya dubi motar, ya dubi Badamasi, ya gaida Inna cikin ladabi har da tambayar mutanen gida, sannan ya suɗe yatsu.

"Malam Mika'ilu, don girman Allah! Matata ta haihu, tagwaye, tana asibiti, ban gan su ba, cikin motar ya zazzago!"

"Masha Allah. Allah ya raya." Ya durƙusa ya leƙa, ya ja robar, ya jijjiga ta. "Ba abin da ya zazzago. Robar ƙasan inji ce. Tudu ka hau?"

"Na hau."

"Da gudu?"

"Da gudu."

"To shi ne. 'Yan maɓallan roba ne ke riƙe ta a gaba, sun karye. Kunne ɗaya kuma ya yage. Wannan baƙin abin da ya narke a jikin salansa fa?"

"Igiyar akuyata ce," in ji Inna daga cikin mota.

Mika'ilu ya gyaɗa kai kamar kullum ake kawo masa irin wannan.

"Cire ta gaba ɗaya!" in ji Badamasi yana tsalle daga ƙafa zuwa ƙafa. "Inna ta faɗa tun farko. Cire ka yar, mota za ta tafi ai?"

"Za ta tafi. Da a cikin birni kake, da na cire na ce ka dawo wani satin. Amma kai kullum kana bakin kanal. Ita ce ke tare wa inji taɓo da ruwa da tsakuwa. Ka cire ta a daminar nan, ruwa ya dinga watsa wa fanbel da wayoyi, wata rana kana ɗauke da mai jego da jarirai biyu mota ta mutu maka a tsakiyar kududdufi. Ka ba ni minti goma."

Jin an ambaci jarirai a kududdufi, Badamasi ya yi laƙwas. "Ɗauki goman."

Inna Hajara kuwa ba ta da minti goma. Ta fito da fulas da ƙullin kayanta, ta tsaya a bakin titi ta ɗaga wa mai babur hannu.

"Inna, ina za ki?"

"Wurin mijina. Kai ka zauna ka yi jinyar roba." Ta haye a karkace, ta ɗora kayan a cinya, ta daki kafaɗar mai babur ɗin. "Asibitin Kura, ɗan nan, kuma kada ka tsaya gaisuwa." Rabonta da hawa babur an fi shekara goma, don ta ce yana tayar mata da ciwon baya.

Mika'ilu ya sa jak ya ɗaga gaban motar, ya tokare ta da guntun katako, ya shimfiɗa kwali. "Shigo ka riƙe mini, tunda kayanka sun riga sun gama lalacewa."

Suka kwanta kafaɗa da kafaɗa a ƙarƙashin motar. Mika'ilu ya kankare lakar da robar ta kwaso, ya zare ragowar maɓallan da filaya. Inda kunnen ya yage, ya gasa ƙusa a wuta ya huda sabuwar ƙofa a gefensa. Badamasi ya tallafe robar da hannu biyu, shi kuma ya ɗaura noti biyu da washa masu faɗi inda ramukan suke da rai, sauran wuraren ya zarga musu siraran igiyoyin roba masu haƙora, irin waɗanda in an ja ba sa kwancewa, nesa da salansa.

A nan ƙarƙashin motar, inda ba mai ganin fuskarsa sai bakanike, abin ya sauko wa Badamasi gaba ɗaya. Ya fara dariya ƙasa-ƙasa, robar na rawa a hannunsa, sai ga hawaye na gangarowa ta gefen ido suna shiga masa kunne.

"Malam Mika'ilu, shekara goma sha biyu fa."

"Riƙe da kyau, tana motsi." Mika'ilu ya ja wata igiyar, ƙirrit, ya datse bakinta. Can ya ce, "Ni da kake gani tagwaye na bi. A gida Gambo ake ce mini. Tsohuwarmu ta ce in ɗaya ya yi shiru, ɗayan ke karɓa, kamar masu gadi. Barcin da ka yi jiya, ka riƙe shi da kyau a ranka, don shi ne na ƙarshe."

"Na yafe barcin! Wallahi na yafe!"

"Haka kowa ke cewa ranar farko. Saki mu gani."

Badamasi ya saki. Robar ta zauna daram. Mika'ilu ya naushe ta sau biyu, ko gezau.

"Wannan zai riƙe ka har kaka. In ka shiga Kano ka nemo maɓallanta na asali in sa maka. Kuma in ka ga tudu a tsakiyar hanya, ɗora taya ɗaya a kansa, kada ka sa shi tsakanin ƙafafun mota."

"Ranar suna kana gaba-gaba, ka ji? Kai da iyalinka duka!" Badamasi ya rungume shi, ya shafa masa taɓo, shi kuma ya shafa masa baƙin mai. Ya faɗa mota ya murza makulli.

"Tsaya in sauke jak," in ji Mika'ilu.

Daga nan zuwa Kura motar ba ta ce uffan ba. Badamasi ya yi ta kasa kunne, bai ji komai ba sai iska da bugun zuciyarsa.

A ƙofar ɗakin masu haihuwa wata mata gajera mai farin kaya da tabarau ta tare shi da hannu ɗaya. Tun kafin ta yi magana ya san ita ce.

"Sista Bernice! Ni ne Badamasi!"

"Na gane. Mama ta ce in na ga wanda ya yi kama da an tono shi daga rami, shi ne." Ta dube shi sama da ƙasa. "Ba za ka shigar mini ɗaki a haka ba. Ga famfo can, ga sabulu. Har gwiwar hannu, da fuska, da gemun nan. Rigar ma cire ta."

Ya wanke, ta duba, ta mayar da shi ya sake. Ta ba shi wata koriyar riga ta asibiti wadda ta tsaya masa a cibiya, ya sa a kan singileti, ya bi ta yana taka ƙasa a hankali.

Surayya tana gadon ƙarshe kusa da taga, an tokare ta da matashi. Fuskarta ta faɗa, leɓenta ya bushe, amma idonta na haske. Ta ga rigar, ta kai hannu ta dafe ciki.

"Don Allah Malam kada ka ba ni dariya, ciwo nake ji."

"Sannu, Surayya. Sannu. Sannu da ƙoƙari." Ya rasa sauran maganar, ya sake cewa sannu.

Inna Hajara na zaune a bakin gadon da jariri a naɗe cikin zani, ta riga ta tauna dabino ta shafa masa a baki. "Wannan nawa ne, ba na bayarwa yanzu. Ɗauki waccan ka yi mata kiran sallah."

Sista Bernice ta ɗauko macen ta ɗora masa a hannu, ta gyara masa gwiwar hannu ta tallafi kan. Ba ta da nauyi ko kaɗan. Gashinta baƙi wuluk a kwance, hannunta ɗaya a dunƙule kusa da kunne. Badamasi ya sunkuya ya kai baki kunnenta na dama.

"Allahu Akbar, Allahu..."

Jaririyar ta yamutsa fuska ta yi atishawa, 'yar mitsitsiya, tsit. Dariya ta ƙwace masa. Ya haɗiye, ya gyara murya ya sake farawa, ya kai tsakiya muryar ta karye.

"Kai, ka natsu mana," in ji Inna, ita ma tana share ido da bakin mayafi. "Yarinya na jira."

Ya ja dogon numfashi, ya rufe ido, ya fara a karo na uku a hankali. Matan da ke sauran gadajen suka kasa kunne. Wannan karon ya kai har ƙarshe, ya juya ta ya yi iƙama a kunnen hagu. Sannan Inna ta miƙo namijin da kyar, tana gargaɗinsa kada ya matse mata miji, aka yi musaya.

Da ya gama da shi ya ɗago zai tambayi Surayya wane ne ya riga fitowa, sai ya ga barci ya ɗauke ta, bakinta a ɗan buɗe. Ya juya ga Sista Bernice ya yi tambayar da raɗa.

"Macen," in ji ta. "Da minti ashirin."

"Inna, kin ji? Ita ce babba!"

"Shhh," in ji matan ɗakin gaba ɗaya.